Tarihin Tsagar Ƙaro a Dazuzzukan Cir na Tsaunukan Himalaya

A arewacin Indiya, inda shimfiɗaɗɗen filin kogin Ganga ya ƙare ƙasa ta fara hawa zuwa tsaunukan Himalaya, akwai yankuna biyu maƙwabtan juna, Kumawun da Garhwal, waɗanda tun shekarar 2000 suka zama jiha guda, wadda yanzu ake kira Uttarakhand. Kafin matafiyi ya kai ƙololuwar da ƙanƙara ke lulluɓe da ita rani da damina, sai ya ratsa wani daji da ya yi wa tsaunukan ɗamara, daga kimanin mita 500 zuwa mita 2,000 sama da teku. Itacen da ya mamaye wannan ɗamara shi ne cir, ɗaya daga cikin dangin itatuwan fain. Dogo ne, ɓawonsa da kauri, ganyensa kuwa tsinkaye ne dogaye, uku-uku a ɗaure. Idan aka ji masa rauni sai ya zubo da wani ruwa mai danƙo da ƙamshi domin ya toshe ciwon, ya hana ƙwari da ruɓa shiga. Mutanen wurin lisa suke ce masa. Ƙaro ne, amma ya sha bamban da na dakwara da ake tsaga a Yobe da Jigawa: na dakwara yana narkewa a ruwa har a sa shi a tawada, na cir kuwa ruwa ba ya narkar da shi, wuta kuma tana kama shi nan take.

Wannan ƙaro yana cikin manyan abubuwan da suka ja hukuma ta shiga dajin ta zauna. Tun daga ranar da aka gane cewa zai yi kuɗi, tambayar da ta hana tsaunukan barci ita ce: dajin na waye, na wanda yake zaune a gefensa yana ci da shi, ko na wanda yake sayar da abin da ya fito daga cikinsa? Shekaru sama da ɗari ke nan ana kai ruwa rana a kan wannan tambaya, kuma duk amsar da aka ba ta, a jikin itacen take fara bayyana.

Kafin zuwan Turawa, manomin tsauni bai ɗauki cir da wata daraja ta musamman ba. Yakan faskara tsakiyarsa mai maiƙo ya yi jiniya da ita don haska hanya da dare ko hura wuta. Yakan shafa ƙaron a kan gyambo da kaushin ƙafa, masu maganin gargajiya na Indiya ma sun daɗe da saninsa. Mata kan share busasshen ganyen, wanda suke kira pirul, su shimfiɗa wa shanu a turke, in ya haɗu da kashi a kwashe a kai gona. Itacen da yake da girma a idon manomi shi ne banj, mai faffaɗan ganye, wanda ke fitowa a wuraren da suka fi sanyi da danshi. Ganyensa abincin dabbobi ne lokacin hunturu, itacensa ya fi kowanne garwashi, ƙarƙashinsa kuma ƙasa takan riƙe ruwa har idon ruwa ya ɓuɓɓugo. Gonakin tsauni ƙanana ne, an sassare su hawa-hawa a jikin gangare, ba sa ba da komai sai da taki, taki sai da dabba, dabba kuma sai da daji.

Akwai wata al'ada da ta haɗa manomi da dajin cir, wadda daga baya ta zama silar rigima. A bazara cir yakan kakkaɓe tsohon ganyensa ya shimfiɗa shi a ƙasa da kauri. Wannan shimfiɗa tana danne ciyawa, tana kuma da santsi, har saniya kan zame a gangare ta karye. Saboda haka kowace shekara mutanen ƙauye sukan sa wa ƙasan dajin wuta mai sauƙi kafin saukar damina. Ɓawon cir mai kauri yana kare shi daga irin wannan wuta, ruwa na sauka kuma sai sabuwar ciyawa ta fito.

Turawan Ingila sun karɓe Kumawun da gabashin Garhwal daga hannun Gurkawan Nepal a 1815, suka bar yammacin Garhwal ga sarkin Tehri. Sun yi shekaru da dama ba su damu da dajin ba. Layin dogo ne ya buɗe musu ido, domin kowane mil na titin jirgi yana cin ɗaruruwan katako. A 1864 suka kafa Ma'aikatar Gandun Daji ta Indiya a ƙarƙashin wani Bajamushe, Dietrich Brandis, a 1878 kuma suka yi dokar da ta ba gwamnati ikon keɓe daji ta hana jama'a taɓa shi. A 1893 aka ayyana duk ƙasar Kumawun da ba a auna ta a matsayin gona ba cewa daji ne mai kariya a hannun gwamnati. Duk da haka cir bai samu shiga ba da farko. Katakonsa yana saurin ruɓewa idan ba a jiƙa shi da magani ba, kuma a wurare da yawa na Kumawun itacen yakan tashi a murɗe, ba ya tsaguwa ya ba da katako mai kyau. Ƙaron ne ya sauya lissafin, domin murɗaɗɗen itace ma yana zubar da shi.

Idan aka dafa ƙaron cir da tururi, kashi biyu yake rabuwa. Wani mai mara nauyi, mai ƙamshi, yakan tashi a tare shi: shi ne tarfantin, wanda ake tsinka fenti da shi, ake kuma sa shi a magunguna da man goge takalmi. Abin da ya rage a tukunya, wanda ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin, yakan daskare ya zama rawaya mai ƙyalli: shi ne rozin, da ake sa wa takarda don kada tawada ta baje, ake zuba shi a sabulu da fenti da tawadar ɗab'i, masu goge na Turai kuma suke shafa shi a izgar bakansu. A ƙarni na 19 Amurka ce ke riƙe da kasuwar waɗannan kaya daga dazuzzukan kudancinta, Faransa na biye da ita daga dajin Landes, Indiya kuwa sayowa take yi. Jami'an daji suka ga babu dalilin sayo abin da ke tsaye a tsaunukansu. A shekarun 1890 suka fara gwaji, suka kafa ƙaramar matata a Bhowali kusa da Nainital. Da aiki ya bunƙasa sai aka gina babbar masana'anta a Clutterbuckganj, a gefen birnin Bareli, can ƙasa a fili kusa da layin dogo, wajen 1920. A Panjab ma an kafa irinta a Jallo kusa da Lahor. Wannan zaɓi na sauke matatar daga tsauni zuwa fili ya bar tabo mai daɗewa: ɗanyen ƙaro ya riƙa gangarawa, aikin masana'anta da ribarsa suka tsaya a ƙasa.

Dabarar tsagar daga Faransa aka aro ta, inda Pierre Hugues ya ƙirƙiro rataya ɗan kaskon ƙasa a jikin itace a shekarun 1840. Mai tsaga yakan kankare ɓawo kusa da gindi, ya sa gizago ya fafe tsaga mai faɗin tafin hannu, ya kafa ɗan harshen ƙarfe a ƙasanta, ya sa ƙusa ta tokare kasko. Ƙaro ya bi harshen ya ɗiga a kasko. Bayan kwana shida ko bakwai bakin raunin ya toshe, sai ya dawo ya ɗan ƙara fafewa ta sama don hanyoyin ƙaron su sake buɗewa. Haka tsagar za ta yi ta hawa shekara huɗu ko biyar, sannan a bar ta ta warke a buɗe sabuwa a gefe. Ana fara aikin wajen watan Maris ko Afrilu, a tashi a Nuwamba, kuma ƙaro ya fi zuba a tsananin zafin bazara. Mutum ɗaya yana kula da ɗaruruwan tsaga a gangaren da tsayuwa ma aiki ce, yana kwashe kasake yana juyewa a garwa, a ɗauki garwar a ka ko a bayan alfadari zuwa bakin hanya. Abin da tsaga ɗaya take bayarwa a shekara bai wuce 'yan kilo kaɗan ba, don haka riba sai da yawan itatuwa. Dokar aikin ta kasa shi biyu: tsaga mai sauƙi ga itacen da ake so ya daɗe, da tsaga mai tsanani, wadda jami'an da kansu suke kira tsagar kisa, ga itacen da aka riga aka sa wa alamar sara nan da 'yan shekaru.

Masanin tarihi Ramachandra Guha, a littafinsa na 1989 kan gwagwarmayar manoman waɗannan tsaunuka, ya nuna cewa tsakanin 1910 da 1920 yawan tsaga a Kumawun ya tashi daga 260,000 zuwa sama da miliyan biyu. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse kayan da ake shigowa da su, farashi ya hau. A daidai wannan lokaci aka samu hanyar jiƙa katakon cir da magani ya yi aikin layin dogo. Itacen da ba a kula da shi da ya zama dukiya ta fuska biyu, gwamnati kuwa ta tashi killace shi. Daga 1911 zuwa 1917 aka shata iyakoki, aka mayar da kusan murabba'in mil 3,000 na dajin Kumawun gandun gwamnati.

Ga mutumin ƙauye, wannan ya zo da jerin hani. An ƙayyade dabbobin da zai kai kiwo, an ƙayyade rassan da zai sara, an kuma hana shi sa wuta a gandu ko kusa da shi. Ta fuskar ma'aikatar hanin wutar yana da dalili, domin itacen da aka buɗe wa tsaga ya rasa garkuwarsa: wuta na zuwa sai ta kama ƙaron da ke kasko, ta bi tsagar ta ci zuciyar itacen. Amma ga manomi, rashin wuta na nufin rashin ciyawa. Ƙari a kan haka, akwai tsohon tsarin aikin tilas da ake kira begar, wanda ya wajabta wa mutanen ƙauye yi wa jami'an gwamnati dako da kawo musu abinci idan suna rangadi. Da malaman daji suka yawaita, dakon ya yawaita. Mutum ya wayi gari yana ɗaukar kayan wanda ya zo ya raba shi da dajinsa, ana kuma kiransa ya kashe wutar da ta tashi a gandun da aka hana shi shiga. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

A bazarar 1916, wadda ta zo da fari, wuta ta tashi a gandaye da yawa, jami'ai kuma suka tabbatar da cewa cinna ta aka yi, musamman da suka ga ta fi cin wuraren da ake tsagar ƙaro da sarar katako. A wannan shekara ce masu ilimin yankin suka kafa ƙungiyar Kumaon Parishad. A Janairun 1921, a taron kasuwar shekara ta Uttarayani a garin Bageshwar, dubban mutane ƙarƙashin jagorancin Badri Datt Pande suka rantse ba za su sake yin dakon tilas ba, masu garuruwa suka jefa littattafan rajistar 'yan dako a kogin Saryu. Begar ya rushe. Da bazara ta zo, fushin ya koma kan gandun daji. Wuta ta ci ɗaruruwan dubban eka, ta lalata tsaga masu ɗimbin yawa da ƙaron da aka tara, jama'a kuma suka ƙi fitowa kashe ta. Cikin masu jan gaba akwai sojojin Kumawun da suka dawo daga yaƙi. Abin lura shi ne dajin banj, wanda ƙauyuka ke ci da shi, bai sha irin wannan ƙuna ba. Mutane sun san abin da suke ƙonawa.

Gwamnati ta kafa kwamitin sauraron koke-koke a ƙarƙashin kwamishinan Kumawun, Percy Wyndham. Kwamitin ya kasa gandayen gida biyu. Waɗanda ba su da ribar kasuwa aka sassauta dokarsu aka fitar da su daga hannun ma'aikatar, waɗanda ke da cir da sauran itatuwan kasuwa kuwa ta riƙe abinta. A 1931 aka fito da dokar majalisun daji na ƙauyuka, van panchayat, wadda ta ba ƙauye damar zaɓen mutanen da za su kula da dajinsa. Dubban irin waɗannan majalisu suna nan har yau, kuma suna cikin tsofaffin misalan kula da daji ta hannun jama'a a Indiya. A masarautar Tehri kuwa abin bai zo da sauƙi ba: a ranar 30 ga Mayu 1930 sojojin sarki suka buɗe wuta a kan manoman da suka taru a Tilari suna ƙorafin dokar daji, suka kashe mutane da dama.

Samun 'yancin Indiya a 1947 bai sauya tsarin ba. Masana'antar Jallo ta faɗa ɓangaren Pakistan, aka gina sababbi a Nahan da Bilaspur a yankin Himachal, buƙatar rozin kuma ta ƙaru da bunƙasar masana'antun takarda da fenti. Aikin tsagar ya koma hannun 'yan kwangila da ake biya bisa nauyin abin da suka kawo. Wanda aka ba daji na shekara ɗaya ko biyu ba shi da dalilin tausaya wa itace. Tsaga ta riƙa faɗi da zurfi fiye da yadda doka ta ce, ana jera uku ko huɗu a jikin itace ɗaya, har iska mai ƙarfi ta zo ta karya shi daga inda aka fafe. A shekarun 1950 Mira Behn, Baturiyar Ingila almajirar Gandhi wadda ta zauna a Garhwal, ta yi ta jan hankalin hukuma cewa cir yana cinye wurin banj, kuma hakan yana busar da idanun ruwa, yana sa ruwan sama ya kwarara da ƙasa. Dalilan wannan sauyi biyu ne. Ma'aikatar ta fifita itacen da ke kawo mata kuɗi, ƙauyuka kuma, da aka matse su a ɗan dajin da ya rage musu, suka yi ta saran rassan banj har ya gaza.

Ana yawan ba da labarin gwagwarmayar Cipko, ta masu rungume itatuwa, ba tare da an ambaci ƙaro ba, alhali yana cikin tushenta. A 1964 Chandi Prasad Bhatt da abokansa suka kafa wata ƙungiyar gama-kai a Gopeshwar, Dasholi Gram Swarajya Sangh, don samar wa matasan tsauni aikin yi a gida. Cikin ayyukanta akwai ƙaramar matatar ƙaro. Sai ga shi gwamnati tana sayar wa masana'antar Bareli ɗanyen ƙaro da araha fiye da yadda take sayar wa ƙananan matatun tsauni, wani lokaci ma ba sa samu sam, har matatar ƙungiyar ta yi watanni a rufe. Ambaliyar kogin Alaknanda ta 1970 ta riga ta tsorata jama'a game da halin da tsaunukan ke ciki. A 1971 da 1972 aka yi zanga-zanga a Gopeshwar ana neman adalci a rabon ƙaro da soke tsarin 'yan kwangila. A 1973 aka hana ƙungiyar 'yan itatuwa kaɗan na yin kayan noma, aka ba wani kamfanin kayan wasanni na Allahabad itatuwa a dajin Mandal, mutane suka ce sai dai gatari ya fara sauka a bayansu. A Maris na 1974 matan ƙauyen Reni, Gaura Devi na gaba, suka kori masu sara daga dajinsu.

A kwarin Henwal na Tehri, ƙaron ne ma kai tsaye ya tayar da mutane. A 1977 Dhoom Singh Negi, wani malamin makaranta da ya bar aiki ya shiga gwagwarmayar, tare da abokansa da matan ƙauyuka, suka shiga daji suka cire harsunan ƙarfe daga jikin itatuwan da aka yi wa tsagar wuce kima, suka cike raunukan da laka, suka ɗaure da tsumman buhu. A ƙarshen shekarar mata suka ɗaura wa itatuwan dajin Advani zaren alkawari, da aka turo 'yan sanda a farkon 1978 kuma suka rungume su suka ƙi saki. A nan tafiyar ta ɗan sauya alkibla. Mutanen Gopeshwar sun fara ne da neman a ba 'yan ƙasa rabonsu na ƙaro da katako, su Sunderlal Bahuguna, wani jagoran gwagwarmayar, kuwa suka koma cewa a dakatar da saran gaba ɗaya, domin amfanin dajin tsauni na farko shi ne riƙe ƙasa da ruwa.

Matsin ya haifar da sauye-sauye. A tsakiyar shekarun 1970 jihar Uttar Pradesh, wadda yankin yake ƙarƙashinta a lokacin, ta kafa hukumar kasuwancin daji don rage ƙarfin 'yan kwangila, a 1976 ta yi dokar da ta sa cinikin ƙaro a hannun gwamnati. A farkon shekarun 1980 gwamnatin Indira Gandhi ta hana saran ɗanyen itace don kasuwa a wuraren da suka haura mita 1,000, na tsawon shekara 15. Cibiyar binciken daji ta Dehradun kuma ta fito da sabuwar hanyar tsaga da ake kira ril, wadda ta bazu a shekarun 1980. Maimakon a fafe itace da gizago, sai a ja siraran layuka marasa zurfi a karkace, hagu da dama, suna gangarowa zuwa wata 'yar kwata ta tsakiya, a fesa musu ruwan asid kaɗan don ƙaron ya daɗe yana zuba. Raunin ba ya shiga cikin katako, yana kuma saurin warkewa. Amma ko wannan hanyar tana cutarwa idan mai aikin ya ƙara asid ko ya faɗaɗa layukan don ya cika garwa da wuri, kuma wanda ake biya bisa nauyi kullum yana fuskantar wannan jarabawa.

Kasuwar ma ta juya. Sin ta zama kan gaba a duniya wajen samar da rozin, Barazil da Indonesiya suka shigo da ƙarfi, Indiya ta koma sayowa daga waje, masana'antar Bareli kuma ta rufe a ƙarshen shekarun 1990. Har yanzu ana tsaga a Uttarakhand da Himachal, ana gwanjon ƙaron, yana kawo wa jiha kuɗin shiga, amma matasan ƙauyuka da yawa sun gangara birane, aikin ya dogara sosai da 'yan ci-rani daga Nepal. Da mutane da shanu suka ragu, masu share pirul ma suka ragu, ganyen ya riƙa taruwa, wutar bazara ta ƙara zafi. A 2016 sai da aka sa jiragen sojan sama suna ɗibar ruwa daga tafki suna zubawa a dajin. A bazarar 2024 wuta ta kashe masu aikin ƙaro a gundumar Almora. Yanzu gwamnatin jihar tana biyan mutane su tara pirul don a yi makamashi da shi, wato aikin da kakanninsu mata suka yi shekaru aru-aru kafin a shata gandu.

Mutane da yawa a yau suna ɗora wa cir laifin gobara da bushewar idanun ruwa, har wasu na cewa a sare shi. Itacen ɗan asalin wurin ne, yana kuma riƙe busassun gangaren da wani itace ba zai iya tsayawa a kansu ba. Abin da ya ɓata lamarin shi ne tsarin da ya raba ribar daji da mutanen da ke zaune a bakinsa, ya kuma damƙa gizago a hannun wanda ba zai dawo wurin baɗi ba. Ana iya tsagar cir shekaru da yawa yana raye idan an bi ƙa'ida, kuma ƙa'idar ta fi samun mai tsaron ta a inda ƙauye yake da rabo tabbatacce a kuɗin ƙaron, yake da murya a kan yawan itatuwan da za a tsaga, yake kuma da hurumin raya banj a inda banj ya dace. Majalisun daji na 1931 sun buɗe wannan hanya. Abin da ya rage shi ne a sakar musu iko da kuɗin da za su bi ta.